Labarin Beda, Malamin Jarrow

Karatu: 1 Sama'ila 1:24-28, Yohanna 6:1-13, 2 Timothawus 2:15

A arewa maso gabashin Ingila akwai koguna biyu masu zuba cikin teku, Wear da Tyne. A zamanin dā wannan yanki yana cikin mulkin da a ke kira Northumbria, gama a lokacin nan Ingila ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, sarakuna dabam dabam ne su ke riƙe da ita. Tsakanin kogunan nan aka haifi Beda wajen shekara ta 673. A nan ya girma, a nan ya yi dukan aikinsa, a nan kuma ya mutu cikin 735. Bai zama bishop ba, bai shugabanci kowa ba, bai taɓa zuwa Roma ba. Amma bayan shekara 1,300 ana karanta littattafansa har yanzu, sarakunan zamaninsa kuwa yawancinsu ta bakinsa muka san sunayensu.

Gidajen zuhudu na Northumbria

Sa'ad da aka haifi Beda, bishara ba ta cika shekara 50 a ƙasarsa ba. Cikin 627 wani bishop mai suna Paulinus ya yi wa Sarki Edwin baftisma a York, amma aka kashe sarkin a yaƙi cikin 633, aikin ya watse. Sai Sarki Oswald ya aika tsibirin Iona neman mai wa'azi, aka aiko masa da Aidan cikin 635. Aidan ya zauna a tsibirin Lindisfarne, yana ratsa ƙauyuka da ƙafa. Da ya ke bai ƙware da harshen mutanen ba da fari, sarki da kansa ya kan zama masa tafinta.

Aidan da waɗanda suka biyo bayansa sun kafa aikinsu a kan gidajen zuhudu. Gidan zuhudu wuri ne inda mutane su ke barin dukiya da aure, su zauna tare ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya da shugaba ɗaya, wanda su ke ɗauka uba ne a gare su. Suna sujada sau da yawa dare da rana, suna noma abin da za su ci, suna karɓar baƙi da matalauta. A ƙasar da ba makaranta, ba littafi, gidajen nan su ne makaranta, su ne ɗakin littattafai, daga cikinsu kuma masu wa'azi su ke fita. Bayan Lindisfarne aka kafa waɗansu a Ripon da Hexham da Lastingham. Cikin 657 wata mace 'yar gidan sarauta, Hilda, ta kafa na Whitby, inda akwai sashen maza da sashen mata, duka kuwa ƙarƙashin hannunta. Ta tsananta wa mutanenta karatun Littafi Mai Tsarki, har biyar daga cikin waɗanda suka yi karatu a gidanta suka zama bishop.

Gidan da ya goyi Beda wani bafade ne ya kafa shi, sunansa Benedict Biscop. Yana da shekara 25 ya bar hidimar sarki, ya tafi Roma, daga baya ya yi ta komawa can, kowace tafiya kuwa ya kan dawo da littattafai. Cikin 674 Sarki Ecgfrith ya ba shi ƙasa wadda ta isa ta ciyad da iyali 70 a bakin kogin Wear, ya gina gida da sunan Bitrus, a ke ce da wurin Wearmouth. Mutanen ƙasar da katako su ke gini, saboda haka ya ƙetare zuwa ƙasar da yanzu mu ke kira Faransa ya kawo magina na dutse, ya kuma aika aka zo da masu aikin gilashi domin tagogi. Ya ɗauko babban mawaƙin majami'ar Bitrus ta Roma, mai suna Yohanna, domin ya koya wa 'yan'uwa raira Zabura. Bayan 'yan shekaru sarki ya ƙara masa ƙasa ta iyali 40 a Jarrow, bakin kogin Tyne, wajen mil 7 daga gida na fari, aka gina na biyu da sunan Bulus, aka sa Ceolfrith ya shugabance shi. Dutsen da aka rubuta ranar keɓe majami'ar Jarrow, watau 23 ga Afrilu, 685, yana nan cikin bangonta har wa yau. Gidajen biyu an ɗauke su gida ɗaya ne a wuri biyu.

Yaron da aka bayar

Beda yana da shekara 7 danginsa suka kai shi wurin Benedict Biscop domin a koya masa, kamar yadda Hannatu ta kai Sama'ila wurin Eli. Daga baya aka sa shi a hannun Ceolfrith. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron ya koyi Latin, harshen da Littafi Mai Tsarki da dukan sujada su ke ciki a lokacin, ya haddace Zabura, ya koyi rubutu da lissafi.

Ya kuma ga da idonsa abin da a ke nufi da tawali'u. Akwai wani ɗan'uwan Benedict mai suna Eosterwine, wanda dā jarumin sarki ne. Beda ya ba da labari cewa mutumin nan ya kan yi sussuka da shiƙa tare da sauran 'yan'uwa, ya tatsi tumaki da shanu, ya yi aiki a madafa da lambu. Ko bayan da aka naɗa shi shugaban Wearmouth, in ya tarar da 'yan'uwa suna aiki sai ya kama garma, ko ya ɗauki guduma a maƙera, yana cin abin da su ke ci, yana kwana inda su ke kwana.

Cikin 686 annoba ta shiga gidajen biyu. Eosterwine ya mutu a Wearmouth. A Jarrow kuwa, bisa ga labarin da wani ɗan gidan ya rubuta, dukan waɗanda suka iya karatu da raira waƙa suka mutu, sai Ceolfrith da wani yaro ƙarami da ya goya. Da baƙin ciki Ceolfrith ya rage tsawon sujada, gama ba masu amsawa. Mako guda kaɗai ya iya daurewa. Sai ya mai da sujada cikakkiya kamar dā, shi da yaron suna raira Zabura, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, har aka koya wa waɗansu. Masana da yawa suna ganin yaron nan Beda ne, wanda a lokacin yana da shekara wajen 13.

Yana da shekara 19 Bishop Yohanna na Hexham ya keɓe shi dikon, ko da ya ke shekarunsa ba su kai yadda aka saba ba. Yana da 30 bishop ɗin ya keɓe shi firist. Daga nan har mutuwarsa kwanakinsa iri ɗaya ne: sujada tare da 'yan'uwa a kan lokacinta, sa'an nan koyo, da koyarwa, da rubutu. Shi da kansa ya shaida cewa cikin waɗannan ya ke samun daɗin ransa.

Littafi Mai Tsarki a fatar maraƙi

Mu da mu ke sayen Littafi Mai Tsarki a kanti, ya kamata mu san abin da littafi ɗaya ya ke ci a zamanin Beda. Ba takarda, ba injin bugawa. Sai a jeme fatar maraƙi, a kankare ta, a yanka, a ja layi, kāna marubuci ya kwafe kalma kalma da alƙalamin gashin tsuntsu. Yawancin majami'u ba su da Littafi Mai Tsarki duka, sai Zabura ko Bishara kaɗai.

Ceolfrith ya sa aka rubuta Littafi Mai Tsarki cikakke har guda 3, ɗaya domin Wearmouth, ɗaya domin Jarrow, an ajiye su cikin majami'a domin duk mai neman wata aya ya same ta. Na ukun ya ɗauka da kansa cikin 716, yana tsoho, zai kai Roma kyauta. Ya bar 'yan'uwa wajen 600 a gidajen biyu. Bai kai ba, ya mutu a hanya a garin Langres na Faransa, waɗansu daga abokan tafiyarsa suka ƙarasa da littafin. Yana nan a birnin Florence ta Italiya, ana kiransa Codex Amiatinus. Yana da warƙa fiye da 1,000, nauyinsa wajen kilo 34, an yi shi da fatun maruƙa wajen 500. Shi ne cikakken Littafi Mai Tsarki mafi tsufa da ya rage na fassarar Latin ta Jerome. Cikin 2018 aka kai shi London aro domin mutane su gani, shekara 1,302 bayan fitarsa daga Ingila.

A cikin gidan da ya ke wannan aiki Beda ya zauna yana bayyana ma'anar abin da a ke kwafewa. Ya rubuta sharhi a kan Farawa, da Sama'ila, da Ezra da Nehemiya, da Misalai, da Markus, da Luka, da Ayyukan Manzanni, da Ru'ya ta Yohanna, da waɗansu kuma. Ba shi da magatakarda a yawancin shekarunsa, shi ke tsarawa, shi ke rubutawa, shi ke kwafewa. Akwai halaye biyu cikin aikinsa da suka cancanci mai nazarin Littafi Mai Tsarki ya lura da su. Na fari, ba ya cin gumin wani. In ya ɗauko magana daga malaman dā, kamar Augustine ko Jerome ko Ambrose ko Gregory, ya kan sa alamar sunan mai ita a gefen shafi, ya kuma roƙi masu kwafewa kada su bar alamun. Na biyu, ba ya gajiya da bincike. Bayan ya gama sharhin Ayyukan Manzanni ya ƙara koyon Helenanci, ya gwada Latin da Helenanci aya aya, sa'an nan ya sake rubuta littafi na biyu a kan wuraren da ya ga ƙarin haske.

Binciken nan ya jawo masa tsegumi. Cikin wani ƙaramin littafi na 703 ya ƙidaya shekarun da ke cikin Tsohon Alkawari bisa ga fassarar Jerome, wadda aka yi daga Ibrananci, ya sami shekara 3,952 daga halitta zuwa haihuwar Kristi, alhali mutane sun saba jin fiye da 5,000 bisa ga fassarar Helenanci. Cikin 708 waɗansu suka zarge shi da bidi'a a wurin cin abinci gaban Bishop Wilfrid. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai, ya rubuta wasiƙa yana nuna lissafinsa zuriya zuriya, ya roƙa a karanta ta gaban bishop. Bai janye ba, ba a kuwa hukunta shi ba.

Mai ƙidayar shekaru

Cikin 725 ya gama babban littafi a kan lissafin lokaci, domin Ekklesiya ta san yadda za ta gane ranar Idin Tashin Kristi kowace shekara. A ciki ya bayyana cewa duniya a dunƙule ta ke kamar ƙwallo, shi ya sa tsawon yini ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ya kuma nuna yadda cikowar teku da janyewarta su ke bin wata.

Cikin 731 ya gama littafin da aka fi saninsa da shi, Tarihin Ekklesiya na Mutanen Ingila, kashi 5. Da ya ke ba matafiyi ba ne, sai ya yi ta aika wasiƙu. Albinus na Canterbury ya tattara masa labarin Kent, wani firist na London mai suna Nothhelm ya tafi har Roma ya kwafo wasiƙun dā, 'yan'uwa na Lastingham suka aiko da nasu. A farkon littafin ya jera sunayen waɗanda suka ba shi labari, domin mai karatu ya san inda kowace magana ta fito. Cikin tarihin nan ya ƙidaya shekaru daga haihuwar Kristi. Wani malami a Roma, Dionysius, shi ya ƙago wannan ƙidaya cikin 525, amma ba ta bazu ba, mutane suna ƙidaya da shekarun sarautar sarakunansu. Littattafan Beda ne suka yaɗa ta cikin Turai. Duk sa'ad da muka rubuta shekara a kan wasiƙa, hanyar da ya share mu ke bi.

Gidaje na gaskiya da na ƙarya

Kada mu zaci Beda yana ganin kowane gidan zuhudu abin yabo ne. Cikin watan Nuwamba 734, yana rashin lafiya, ya rubuta wa Egbert, bishop na York, wasiƙa mai zafi. Ya ce manyan mutane suna ba sarakuna kuɗi su karɓi ƙasa da sunan za su gina gidan Allah, domin ƙasar ta zama gādonsu, su kuma kuɓuta daga hidimar yaƙi. Sa'an nan su zauna ciki da matansu da barorinsu, suna kiran kansu shugabannin zuhudu, ba ƙa'ida, ba karatu. Irin gidajen nan, in ji shi, ba su amfani Allah, ba su amfani mutane, har ƙasa za ta rasa masu tsaronta ran da abokan gaba suka zo.

Abin da ya fi damunsa shi ne talakawa. Ya ce akwai ƙauyuka cikin duwatsu da kurmi inda shekaru su ke wucewa ba a ga bishop ba, ba kuma mai koyarwa, amma ba wanda a ke ɗauke wa biyan kuɗin Ekklesiya. Ya ba da shawara a ƙara yawan bishop, a sa firistoci cikin ƙauyuka, masu bi su riƙa zuwa Jibin Ubangiji a kai a kai. Ya nace a koya wa kowa Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni cikin harshensa na haihuwa, ya ce shi kansa ya sha juya su zuwa Ingilishi saboda firistocin da ba su san Latin ba. A ganin Beda, gidan da ya tara ƙasa da littattafai, Maganar Allah kuwa ba ta fita daga ƙofarsa zuwa ga makiyayi da manomi, ya ɓata dalilin kafa shi.

Kwanakinsa na ƙarshe

Wani almajirinsa mai suna Cuthbert ya rubuta yadda ya mutu. Mako biyu kafin Idin Tashin Kristi na 735 numfashinsa ya fara sarƙewa. Duk da haka kowace rana yana koyar da almajiransa, da dare in barci ya ƙi zuwa sai ya yi ta raira Zabura. Ayyuka biyu ya ke ƙoƙarin gamawa, ɗayansu kuwa shi ne juya Bishara ta Yohanna zuwa harshen mutanensa. Cuthbert ya ce ya kai sura 6, wurin da Andarawus ya nuna yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu.

Ran Talata kafin ranar tunawa da hawan Yesu zuwa sama ƙafafunsa suka kumbura, ya yi ta gargaɗin almajiransa su yi hanzarin koyo. Ran Laraba da rana ya sa aka kira firistocin gidan, ya raba musu dukan abin da ke cikin akwatinsa: ɗan masoro, da adiko, da lubban. Ya roƙe su su riƙa yi masa addu'a. Da maraice yaron da ke rubuta masa, mai suna Wilberht, ya ce saura magana ɗaya. Beda ya faɗa, yaron ya rubuta, ya ce an gama. Sai ya roƙa a tallafi kansa domin ya fuskanci wurin da ya saba yin addu'a. Yana zaune a daɓen ɗakinsa, yana raira yabo ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ransa ya fita. Ana ƙidaya ranar 26 ga Mayu, 735, gama a wurinsu sabuwar rana da faɗuwar rana ta ke farawa.

Abin da ya faru da gidajen

Ba a daɗe ba masu bishara na Ingila da ke aiki a Jamus, su Boniface da Lull, suka yi ta aiko da wasiƙu suna roƙon littattafansa. Shugaban gidan ya taɓa ba Lull haƙuri, ya ce sanyin hunturu na 763 zuwa 764 ya ƙandare hannuwan marubuta, shi ya hana su gama kwafewa.

Abin da Beda ya ji tsoro ya zo. Cikin 793 maharan teku daga ƙasashen arewacin Turai, waɗanda a ke kira Viking, suka washe Lindisfarne, cikin ƙarni na 9 kuma Wearmouth da Jarrow suka zama kufai. Cikin ƙarni na 11 aka kai ƙasusuwan Beda Durham, inda kabarinsa ya ke cikin babbar majami'a har yanzu. Wajen 1074 wani mai suna Aldwin, wanda ya karanta tarihin Beda, ya taso daga kudu da abokai biyu domin ya ga wuraren da ya karanta, suka sa wa kangon Jarrow jinka suka zauna. Cikin 1083 aka mai da 'yan'uwan Durham, gidajen biyu suka zama ƙananan rassa, har Sarki Henry na 8 ya rufe gidajen zuhudu na Ingila tsakanin 1536 da 1540.

Fassarar Yohanna da Beda ya ƙare ransa a kanta ta ɓace. Mutanen Ingila ba su sami Littafi Mai Tsarki duka cikin harshensu ba sai zamanin Wycliffe, wajen shekara 650 bayan mutuwarsa. Mu kuwa muna da shi cikakke da Hausa tun 1932. Abin da malamin Jarrow ya yi marmari saboda ƙauyukan ƙasarsa, bai gani ba, yana hannunmu. Saura mu tambayi kanmu ko yana isa ga waɗanda ba mai zuwa wurinsu.

Tambayoyi

1. Ceolfrith da yaro ɗaya sun riƙe sujada bayan annoba. Me ya kan faru da taronmu sa'ad da masu zuwa suka ragu?
2. Karanta 2 Timothawus 2:15. Waɗanne halaye na Beda cikin nazari ne suka dace da wannan aya?
3. Da me Beda ya bambanta gidan Allah na gaskiya da na ƙarya? In aka auna majami'armu da wannan mudu, ina za ta tsaya?
4. Karanta Yohanna 6:9-13. Ta ƙaƙa rayuwar mutumin da ya zauna wuri ɗaya ta yi kama da gurasar yaron nan?
5. Waɗanne ƙauyuka ko gidaje ne kusa da mu inda an daɗe ba mai koyarwa? Wa zai tafi, yaushe kuma?